Tsakanin Magic da Curry, wa ya fi iya riƙe ragamar wasa?

"Assalamu alaikum Koci. Mu 'yan majalisar kallon ƙwallon kwando ne a Kaduna, kuma kusan wata guda ke nan muna kan gardama ɗaya. Ni na ce Stephen Curry ne ɗan lamba ɗaya, wato mai rarraba ƙwallo, da ya fi kowa a tarihin NBA. Yayana ya ce in bar zancen yara, Magic Johnson ne. Wani abokinmu kuma ya kawo John Stockton saboda ya fi kowa yawan fas ɗin da aka ci da shi. Don Allah a jera mana su tun daga na ɗaya, a kuma faɗa mana ma'aunin da ake aunawa da shi."

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abu biyu kake nema, jeri da ma'auni, kuma na biyun ya fi na farkon nauyi, domin ku ukun nan kowa da mudun da ya zo da shi kasuwa. Kai kana auna wanda ya fi firgita abokan hamayya, yayanka yana auna wanda ya fi iya tafiyar da mutum huɗun da ke tare da shi, abokinku kuma lissafin da ke rubuce a takarda yake dubawa. Ba zan ja maka rai ba. A wurina Magic Johnson ne na ɗaya, Curry na biye da shi dab da dab, sai Oscar Robertson, sai Isiah Thomas, sannan Chris Paul da Stockton, sannan Jason Kidd da Steve Nash. Ka ga yayanka ya ci ka ke nan, amma da ƙyar, kuma ka gaya masa ya janye kalmar zancen yara.

Aikin lamba ɗaya

Tun 1954 ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, daƙiƙa 24 take da su ta yi jifa, in ba haka ba a karɓe a ba abokan hamayya. A cikin wannan ɗan lokaci dole wani ya ɗauko ƙwallon daga baya, ya karanta yadda masu tsaro suka tsaya, ya tuna wane ne hannunsa ke ci yau, wane ne ya daɗe bai taɓa ƙwallon ba har ya fara ɓata rai, wane ne a cikin abokan hamayya ke ɗauke da laifi huɗu yana tsoron na biyar. Wannan mutum shi ne lamba ɗaya. Idan ina koya wa yara, madugu nake ce masa, saboda aikinsu iri ɗaya ne: shi ke sanin lokacin da ayari zai yi sauri da lokacin da za a yada zango, kuma in aka ɓata hanya shi za a tambaya.

Saboda haka abin da nake fara dubawa shi ne irin jifan da ƙungiya ke samu idan yana cikin fili. Shin mutum ya jefa ƙwallon yana tsaye shi kaɗai, ƙafafunsa a daidaice, ko kuwa ya jefa ne hannun mai tsaro na kan fuskarsa agogo na shirin kaɗawa? Fas na ci, wanda ake rubutawa idan ka miƙa wa wani ya zura nan take, ɓangare ne kawai na wannan. Sau da yawa fas ɗin da ya ɓarke tsaro shi ne wanda ya zo kafin na ƙarshe, kuma ba a rubuta wa mai shi komai. Bayan haka sai in duba ko abin da yake yi a watan Janairu yana iya yin sa a watan Mayu da Yuni, lokacin wasannin fitar da gwani, inda ƙungiya ɗaya za ku yi ta karawa har wasa bakwai, kocinsu ya haddace duk dabararka. Tsaro da tsawon shekaru suna shiga lissafina, amma a bayan waɗancan.

Akwai kuma abin da ke rikita masu kwatanta alƙaluma. Dokar wasan ta sha canzawa. Layin maki uku ya shigo NBA ne a kakar 1979/1980, shekarar da Magic ya fara, kuma a lokacin ƙungiya ba ta ma kai jifa uku daga bayan layin a wasa guda. Yau ana haura 35. Daga 2004 kuma aka tsananta hana mai tsaro ɗora hannu a jikin mai ƙwallo a wajen da'ira, abin da ya buɗe wa ƙananan 'yan wasa masu sauri hanya. Isiah Thomas ya yi zamaninsa ana tura shi da hannu tun daga tsakiyar fili. Curry bai taɓa buga irin wannan wasa ba, shi kuma Isiah bai taɓa samun filin da ya buɗe kamar na yau ba. Idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, don haka kowa da takwarorin zamaninsa nake fara gwada shi.

Dalilin da ya sa Magic ke gaba

Magic mita 2.06 ne tsayinsa, tsayin da a da ake tura mai shi ƙarƙashin kwando ya je ya yi kokawa. Shi kuwa da wannan tsayi yake riƙe ƙwallo, yana hangen fili ta saman kan mai tsaronsa. Ɗan lamba ɗaya na yau da kullum sai ya nemi kafa tsakanin hannuwa kafin ya ga abokin wasansa. Magic daga sama yake kallon kowa, kamar wanda ya hau soro yana kallon kasuwa. In aka sa masa ƙaramin mai tsaro sai ya juya masa baya ya yi ta tura shi har gindin kwando, in aka sa masa babba sai ya wuce shi da gudu. Ya gama wasansa da matsakaicin fas na ci 11.2 a kowane wasa, kuma har yau babu wanda ya kai wannan.

Amma ba alƙaluman ne suka fi ɗaure ni ba. A cikakkun kakanni 12 da ya buga wa Los Angeles Lakers kafin ya sanar da cewa yana ɗauke da ƙwayar HIV a Nuwamban 1991, sau tara ya kai su zagayen ƙarshe, suka ɗauki kofi biyar: 1980, 1982, 1985, 1987 da 1988. Ya zama gwarzon kaka sau uku, gwarzon zagayen ƙarshe sau uku. A shekararsa ta farko, yana ɗan shekara 20, babban ɗan wasansu na tsakiya Kareem Abdul-Jabbar ya gurɗe a ƙafa bai je wasa na shida na zagayen ƙarshe a Philadelphia ba. Magic ya tsaya a gurbinsa aka fara wasa, ya ci maki 42, ya cafe ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 15, ya ba da fas na ci 7, suka dawo gida da kofi. Yaro ne da ko shekara bai cika a gasar ba.

Masu sukarsa suna cewa ai a gidan masu hali ya tashi, ga Kareem ga James Worthy. Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai Kareem ya yi ritaya a 1989, kuma a kakar da ta biyo baya Magic ya sake zama gwarzon kaka, a 1991 kuma ya sake kai Lakers zagayen ƙarshe, inda Michael Jordan ya tare su. Ya kuma taɓa faɗuwa a idon duniya. A 1984 ya tafka kurakurai a ƙarshen wasanni da Boston Celtics har aka mai da shi abin zolaya, shekara ta zagayo suka doke Boston ɗin, a 1987 kuma shi ya jefa ƙwallon da ta kashe wasa na huɗu a gidan Boston. Rauninsa a bayyane yake: ba gwanin tsare ƙananan masu sauri ba ne, Byron Scott da Michael Cooper ke ɗauke masa wannan nauyi, kuma sai a ƙarshen zamaninsa jifansa na nesa ya gyaru. Duk da haka, in aka ce in ɗauki mutum ɗaya in haɗa shi da baƙi huɗu da ba su taɓa wasa tare ba, in ce su nemo min jifa mai kyau a kowane hari, shi zan ɗauka ban tsaya tunani ba.

Hujjarka a kan Curry

Yanzu bari in taya ka faɗa, domin hujjarka ta fi yadda ka kawo ta ƙarfi. Yayanka zai ce Curry ba ya rarraba ƙwallo, matsakaicin fas ɗinsa na ci bai kai 7 ba, kuma a kakanni da yawa Draymond Green ne ke kan gaba a wannan fanni a Golden State Warriors. Duka gaskiya ne. Abin da zai tsallake shi ne cewa Curry yana samar wa abokansa jifa ko ƙwallon ba ta hannunsa. Da zarar ya tsallaka rabin fili mutum biyu ke fitowa su tare shi, saboda an san daga can ma yana iya zurawa. Sai ya miƙa wa Draymond, a bar mutum huɗu a kan masu tsaro uku. Draymond ya ba wani ya zura, takarda ta rubuta wa Draymond fas na ci, alhali wanda ya tsaga bangon har ƙadangare ya samu wurin shiga yana can gefe ba a rubuta masa komai ba. In kuma ya rabu da ƙwallon ba ya tsayawa, zagaye yake ta yi a bayan manya, masu tsaro biyu su bi shi da gudu su manta da wanda ke ƙarƙashin kwando.

A zagayen ƙarshe na 2019, Toronto Raptors ta yi masa irin tsaron da mu masu horar da yara muke yi idan ƙungiyar da muke karawa da ita yaro ɗaya ne ke ɗauke da ita: mutum huɗu su tsaya a murabba'i suna gadin wuri, na biyar ya manne masa duk inda ya sa ƙafa. Ganin wannan a babban wasan NBA ya ba mutane da yawa dariya, amma girmamawa ce. Shugaban Raptors ɗin a lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, don haka a daren nan da yawa daga cikinmu ba mu san wanda za mu mara wa baya ba.

A kakar 2015/2016 Curry ya zura jifa mai maki uku 402, bayan tarihin da shi da kansa ya kafa shekara guda kafin nan 286 ne. Ƙungiyarsa ta ci wasa 73 cikin 82, kuma ya zama mutum na farko da duk masu zaɓe suka haɗu a kansa a matsayin gwarzon kaka. A Disambar 2021 ya wuce Ray Allen a yawan jifan maki uku, a Maris na 2025 ya haura 4,000. Kofi huɗu gare shi, 2015, 2017, 2018 da 2022. Mutumin nan fa a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2009 shi ne na bakwai, kuma Minnesota ta ɗauki 'yan lamba ɗaya har biyu a jere, Ricky Rubio da Jonny Flynn, ta bar shi.

To me ya hana in ɗora shi a sama? Abu biyu ne, kuma ba manya ba ne. Na farko, a kakar da ya fi kowace haskakawa, 2016, suna gaban Cleveland da wasa uku da ɗaya suka bari kofin ya suɓuce, kuma shi kansa bai yi wasan da aka san shi da shi ba a ƙarshen wasa na bakwai. Kofuna biyun da suka biyo baya kuwa Kevin Durant ne gwarzon zagayen ƙarshe a duka. Sai a 2022 ya rufe bakin masu wannan magana, musamman wasa na huɗu a Boston da ya ci maki 43 ƙungiyarsa na cikin matsi. Na biyu, kuma shi ya fi damuna a matsayina na koci, Curry yana da sakaci da ƙwallo. Yakan yi fas da hannu ɗaya ko ta bayan baya a lokacin da bai kamata ba, kuma tsarin da ya fi fito da shi yana buƙatar wani mai kaifin ido kamar Draymond da zai karɓi rabin aikin madugu. Magic shi kaɗai yake ɗauke da aikin duka. Da tambayarka ita ce wa ya fi canza yadda ake buga wasan a duniya, da ban yi wata-wata ba na ce Curry. Wanda ya kalli mintunan ƙarshe na wasan zinare da Faransa a gasar Olamfik ta Paris a 2024, inda ya zura jifa huɗu masu maki uku a jere, ba zai yi maka dariya ba in ka ce shi ne na ɗaya. Ni ma ba zan yi ba.

Oscar da Isiah

Oscar Robertson ban gan shi da idona ba, sai a tsofaffin hotunan bidiyo marasa launi, don haka hukuncina a kansa ya fi dogara ga abin da aka rubuta da kuma yadda ya tsaya a cikin takwarorinsa. A kakar 1961/1962 ya yi matsakaicin maki 30.8, cafe ƙwallo 12.5, fas na ci 11.4, wato goma ko fiye a fanni uku tsawon kaka guda, abin da ba a sake gani ba sai bayan shekara 55. Dole a rage wa wannan lissafi kaɗan, domin wasan zamanin yana da gudu sosai, ana yawan jifa ana yawan kuskurewa, ƙungiyoyi tara ne kacal, kuma a kakar ce Wilt Chamberlain ya yi matsakaicin maki 50.4. Abin da ba ya raguwa shi ne cewa daga 1960 zuwa 1968 Bill Russell da Chamberlain ne ke karɓe kyautar gwarzon kaka a tsakaninsu, mutum ɗaya ne ya kutsa, shi ne Oscar a 1964. Kofi kuwa sai da ya koma Milwaukee ya haɗu da Kareem yana matashi ya same shi a 1971. Kuma duk ɗan wasan da yau yake tashi daga wata ƙungiya zuwa wata da zaɓin kansa yana cin albarkacin ƙarar da aka shigar da sunan Oscar a 1970, lokacin yana shugaban ƙungiyar 'yan wasa, wadda aka sasanta a 1976.

Isiah Thomas ne wurin da na san za a fi yi min gardama, domin bai taɓa zama gwarzon kaka ba, kuma in aka bi alƙaluman zamani na ingancin jifa, Paul da Stockton da Nash duk sun fi shi. Na ɗora shi a kansu ne saboda mutanen da ya bi ta kansu. Yana da tsayin mita 1.85 ya jagoranci Detroit Pistons suka fitar da Boston ta Larry Bird a 1988, suka fitar da Chicago ta Jordan shekara uku a jere, suka ɗauki kofi a 1989 da 1990. Ba zan ɓoye maka ba, Lakers ɗin da suka share a 1989 Magic da Byron Scott duk sun ji rauni, kuma Joe Dumars ne gwarzon wannan zagaye. Amma ka nemi wasa na shida na zagayen ƙarshe da Lakers a 1988 ka kalla. Isiah ya gurɗe a idon sawu ana cikin zango na uku, ya dawo yana ɗingishi, ya gama da maki 25 a wannan zango kaɗai, tarihin da har yau yake tsaye a zagayen ƙarshe. Sun faɗi wasan da maki ɗaya. Yana iya cin 30 a kowane dare in ya so, amma ya rage cinsa don ƙungiyar ta yi ƙarfi, yana ajiye kansa sai ranar da tura ta kai bango. Wannan hali ne da nake shan wahalar koya wa yara.

Abokinku mai Stockton

Ka gaya masa bai yi kuskure a lissafi ba. Stockton yana da fas na ci 15,806 da ƙwace ƙwallo 3,265, kuma duka biyun babu wanda ya matso kusa. Kaka 19 ya yi a Utah Jazz, wasa 22 kawai ya rasa a cikinsu, ya jagoranci gasar a fas na ci shekara tara a jere. Dabararsa da Karl Malone kowa ya san ta: Malone ya zo ya tsaya masa shinge, mai tsaro ya maƙale, Malone ya juya ya nufi kwando, ƙwallo ta same shi a hanya. An san abin da za su yi, an kasa hanawa, shekara da shekaru. Shi ne kuma ya jefa ƙwallon da ta fitar da Houston ta Hakeem Olajuwon, haifaffen Najeriya, a 1997, wadda magoya bayan Hakeem a nan gida ba su ji daɗinta ba ko kaɗan.

Matsalar ita ce tarin alƙaluma yana nuna daɗewa da lafiyar jiki da tsarin da bai canza ba, ba lallai ya nuna ƙololuwar da mutum ya kai ba. Stockton matsakaicin makinsa 13 ne da 'yan kai. A zagayen ƙarshe na 1997 da 1998 da Chicago ta toshe hanyar Malone, ana buƙatar wanda zai ce ku ba ni ƙwallon ni zan ci, kuma ba halinsa ba ne ya yi hakan dare bayan dare. Shi ya sa na ɗan fifita Chris Paul, wanda ke bin sa a yawan fas na ci, ga tsaro, ga rashin zubar da ƙwallo, ga jifan tsaka-tsaki da yake nema wa kansa idan komai ya tsaya. Duk ƙungiyar da Paul ya shiga a zamanin ƙarfinsa sai ta gyaru. Phoenix ta yi shekara goma ba ta shiga wasannin fitar da gwani ba, ya zo a 2020, a kakarsa ta farko suka kai zagayen ƙarshe. Amma jikinsa yakan ci amanarsa a lokacin da aka fi buƙatarsa. A 2018 Houston na gaban Golden State da uku da biyu tsokar cinyarsa ta tsinke masa hanzari, ya zauna yana kallo aka fitar da su. A 2021 kuma suna gaban Milwaukee da biyu da babu suka faɗi huɗu a jere. Wanda ya juya su ya sa Stockton a gaba ba zan riƙe masa riga ba.

Kidd da Nash zan wuce su da sauri, ko da yake ba ƙananan mutane ba ne. Kidd ya je New Jersey Nets ta tashi daga cin wasa 26 zuwa 52, ya kai ta zagayen ƙarshe a 2002 da 2003, ya samu kofinsa da Dallas a 2011 yana dattijo. Nash, ɗan Kanada da aka haifa a Johannesburg, ya koma Phoenix a 2004 ta tashi daga 29 zuwa 62, ya zama gwarzon kaka sau biyu a jere. Ɗaya gwanin tsaro ne da jifa ya daɗe yana ba shi wahala, ɗayan gwanin jifa ne da ake bi ta kansa a tsaro. Russell Westbrook kuwa, wanda ya yi goma-goma a fanni uku tsawon kaka har sau huɗu, shi ne hujjata a kan masu bautar takarda: a duk kakannin nan huɗu a zagayen farko aka fitar da ƙungiyarsa. Walt Frazier da Bob Cousy suna da haƙƙi a kaina, Jerry West kuma na bar shi ne don rabin masana a lamba biyu, wato mai jifa, suke lissafa shi.

Abin da na gani a filin siminti

Ni ba NBA nake horarwa ba, yara ne 'yan sakandare a filin siminti, kuma abin da ke aiki a wurinmu ba lallai ya yi aiki a inda kowa ƙwararre ne ba. Amma a can na koyi ma'aunin da na ba ka. Wata shekara ina da yara biyu masu neman lamba ɗaya. Na farko shi ne abin kallon unguwa, yana wasa da ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, yana jifa daga nesa, 'yan kallo na ihu. Na biyu shiru-shiru ne, ba ya cin fiye da maki shida. Na ba na farkon ragama saboda ihun ya ruɗe ni, muka yi ta faɗuwa a wasannin da bai kamata ba. Sai na fara zama da littafi ina yin alama a kowane hari: jifa mai kyau, ko jifan dole. Bayan wasa biyar lissafin ya ba ni kunya. Idan shiru-shirun na ciki, dogon yaronmu yana samun ƙwallo a gindin kwando, kowa na gudu don ya san za a gan shi. Idan gwanin na ciki, mutum huɗu tsayawa suke su zama 'yan kallo. Na mai da gwanin lamba biyu, ya ci gaba da cin makinsa, har ya fi da.

Tun wajen 2016 kuma duk yaron da ya shigo fili layin maki uku yake fara nufa, ko hannunsa bai iya kai ƙwallon kwando ba sai ya haɗa da kafaɗa. Curry suka gani. Abin da ba su gani ba shi ne gudun da yake yi ba tare da ƙwallo ba, wanda shi ne rabin gwanintarsa. Ba na ɗora masa laifi, kuma jifan nesan nan ya yi mana rana: a Yulin 2021 a Las Vegas, D'Tigers, ƙungiyar Najeriya, ta doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage da jifa 20 masu maki uku, Gabe Vincent ya ci 21, alhali Amurkar ta lallasa Najeriya 156 da 73 a Landan a 2012.

Masu tasowa

Ban sa masu tasowa a jerin ba saboda ba a yanke wa mai tafiya hukunci sai ya sauka, kuma shi kansa sunan lamba ɗaya ya fara narkewa. Nikola Jokić a tsakiya yake wasa amma ya haura fas na ci 10 a kakar 2024/2025, LeBron James kuma ya jagoranci gasar a wannan fanni a 2020. Luka Dončić, wanda Dallas ta miƙa wa Lakers a Fabrairun 2025, shi ya fi kowa kama da Magic a hangen fili da girman jiki, sai dai yana riƙe ƙwallo fiye da kima kuma tsaronsa na da sauran aiki. Wanda na fi zuba wa ido shi ne Shai Gilgeous-Alexander na Oklahoma City. A 2025 ya haɗa sarautar cin maki da gwarzon kaka da kofi da gwarzon zagayen ƙarshe a shekara ɗaya, abin da kafin shi Kareem da Jordan da Shaquille O'Neal ne kawai suka yi. Ya kuma yi kaka guda a gefen Chris Paul a 2019/2020, kuma kana ganin alamar hakan a yadda yake jan ƙafa ya nemi wurinsa a tsaka-tsaki ba tare da gaggawa ba. In ya ƙara kofi ɗaya ko biyu, sai na tashi Isiah daga kujerarsa.

Kafin ku koma majalisa, ku nemi wasa na shida na 1980 da wasa na huɗu na 2022 ku kalla tare da yayanka. Ku kashe sautin, kowa ya riƙe takarda, kada ku bi ƙwallo da ido, ku bi mutum huɗun da ba ta hannunsu, ku yi alama duk lokacin da ɗayansu ya samu jifa shi kaɗai kuma ku rubuta wa ya jawo. In kun gama ka rubuto min abin da takardar yayanka ta nuna.